Badon Kawu Babba

Na Allah muke, kuma Kawu Babba ya riga mu komawa gare Shi ranar wata Talata da hantsi, ana saura ƴan kwanaki a fara yankan hatsi. Yayan mahaifiyata ne. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, aka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Na sha zaman makoki a Dakoro, amma ban taɓa ganin wanda mutane ke auna maganarsu kamar wannan ba. Duk lokacin da na leƙa zaure don miƙa ruwan sha, abu ɗaya nake gani. Mai gaisuwa ya zo, ya durƙusa, ya yi addu'a, sai idonsa ya tsaya a kan mutumin da ke tsakiyar tabarma. Kawu Ƙarami ne, ƙanen mamacin, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa a unguwa ya san shekara tara ke nan bai taka ƙofar gidan nan ba, ko da salla. Yanzu ga shi ya zama babba, shi ake yi wa gaisuwa. Yana amsawa ƙasa-ƙasa, carbi a hannu, bai waiwayi zauren ba ko sau ɗaya.

A cikin gida mata sun cika tsakar gida har bakin madafa, wasu a rana, amma an bar fili fayau gaban ɗaki ɗaya. A ɗakin ne akwatin gilashin Kawu yake, cike da ruwa, da furannin da yake shukawa a ciki. Wata tsohuwa maƙwabciya ta matso kusa da Inna, mahaifiyata, ta tambaye ta a kunne ko an zubar da ruwan nan tukuna, wai ba a barin irinsa ya kwana bayan mai shi. Wata kuma ta yi ajiyar zuciya ta ce Allah dai ya yafe masa abin da ya sami yarinyar nan. Uwar yarinyar da ake nufi tana zaune a wurin, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ba kowa ya zo da irin wannan ba. Wani dattijo da suka yi aiki tare ya taso tun daga Madarunfa, ya ce bai taɓa jin Kawu ya ɗaga wa ƙaramin ma'aikaci murya ba. Wani tsohon direba da ke bayan gida, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ƴaƴansa suka ɗauko shi a kujera, ya zauna yana hawaye, bakinsa ya ƙi ba shi magana. Amma raɗar da aka yi a tsakar gida ita ta fi zama mini a rai, kuma saboda ita nake wannan rubutu.

Kawu ya yi aikinsa a ma'aikatar ruwa da gandun daji, ɓangaren kifi. Shekarunsa na ƙarfi duk a bakin ruwa ya yi su, can kudu. Da ya ajiye aiki ya dawo gida, matarsa ta riga ta rasu, ɗansa guda ɗaya yana Yamai. Mutane sun zata zai sayi tumaki ko ya koma gonar gado da ke hanyar Sabon Maci. Sai aka ga ya tafi Maraɗi ya dawo da fallayen gilashi biyar naɗe cikin tsofaffin barguna. Mai walda ya yi masa gado na ƙarfe da za su zauna a kai, shi da kansa ya liƙe gilasan da wani farin gam, ya bar su mako guda su bushe. Tsawon akwatin ya kai kamu uku. Ya ajiye shi gindin taga ta gabas, ya zuba baƙar laka da ya ɗebo daga tafki, ya rufe ta da yashin da ya wanke sau da yawa har ruwan wankin ya fito fari. A cikin lakar ya binne gindin bado guda uku.

Na taɓa tambayarsa me ya sa bado, duk shukokin duniya. Ya ce a wata shekarar yunwa, yana ɗan shekara bakwai, Kaka, mahaifiyarsu, ta goya Kawu Ƙarami, ta riƙe hannunsa, suka yi ta tafiya kudu har suka iske wani babban tafki. Kullum takan shiga ruwa har ƙirji, tana lalube da yatsun ƙafa, ta tumɓuke gindin bado ta jefo masa bakin gaɓa. Shi suka dafa suka ci har ruwan sama ya sauka. Ya ce shi kuka yake yi idan ta tumɓuke mai fure, ita kuma ta dungure masa kai. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kawu ba mai ja wa labari wutsiya ba ne.

Ranarsa a gaban akwatin nan take farawa. Idan ya dawo daga sallar asuba sai ya nannaɗe hannun riga, ya wanke hannu da ruwa zalla, ya bi ganye ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fara rawaya ya tsinke shi daga gindi. Idan faffaɗan ganyen sun rufe saman ruwa sai ya rage su, don haske ya kai ga na ƙasa. Ba ya zuba ruwan pampo kai tsaye, sai ya kwana biyu a tulu baki buɗe, warin maganin ya fita. Ruwan rijiyar unguwarmu kuwa zartsi ne, ya gwada shi sau ɗaya, ganye suka ƙone ta gefe, bai sake ba. Takinsa busasshen kashin akuya ne, ya dunƙule shi cikin yumɓu kamar ƙwallon goriba ƙarami, ya tura can ƙarƙashin yashi. Da bazara, lokacin da ɗaki ke zama kamar tanda, yakan rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. Daga baya ɗansa ya aiko masa da sola da wata doguwar fitila, ya rataya ta bisa ruwan, yana kunna ta da safe, ya kashe da magariba, ba ƙari ba ragi. Ya ce shuka ma tana son a bar ta ta yi barci.

Shekara biyu ya yi kafin ya ga fure na farko. Shuɗi ne mai haske, tsakiyarsa rawaya, yana buɗewa da hantsi, ya rufe kafin la'asar, kwana uku ko huɗu ya nutse. Ban da bado akwai kainuwa tana yawo a sama. Yakan ce an ce kainuwa dashen Allah ce, to a tafki ke nan, a ɗaki sai an taya ta. Akwai kuma ƙananan kifaye da ba su kai ɗan yatsa ba. Ba don ado ya sa su ba. Aikinsu cinye tsutsar sauro, kuma kowace Juma'a yakan ɗebi ruwan a farin kwano, ya fito rana ya duba. Ni ma'aikaciyar jinya ce a gidan likita, saboda haka ni yake kira in taya shi dubawa. Ban taɓa ganin tsutsa ko ɗaya ba.

Yana da halinsa. Wata rana na tsoma hannu a ruwan ban ɗauraye sabulu da kyau ba, ya yi mini faɗan da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ina da aure da ƴaƴa biyu. Idan gansakuka ta rufe gilashi, sai ya ce ruwa ba ya riƙe asiri, in ka cuce shi kwana uku ya tona ka. Kuma ba ya yi wa kowa bayani. Da aka fara cewa ƴan ruwa, wato aljanu, yake kiwo, cewa ya taho da su daga bakin tafki a cikin gora, Inna ta roƙe shi ya kira liman da dattawa su gani da idonsu. Ya ce ƙofarsa ba ta da kuba, mai son sani ya shigo. Ba su shigo ba, shi ma bai kira ba. Ina ganin a nan Kawu ya yi kuskure, kuma taurin kai ne ya sa shi.

Saɓaninsa na farko da Kawu Ƙarami a kan ruwa ne. Wata bazara injin da ke ba unguwarmu ruwa ya lalace, aka yi makonni mata na layi a pampon wata unguwa. Kawu Babba ya ɗauki bidonsa, wato jarkar ruwa, ya shiga layin, tsoho ɗaya cikin mata. Wata mai baki ta tambaye shi ko na sha ne ko na fure. Ya ce na fure ne. Kafin yamma maganar ta gama gari. Kawu Ƙarami ɗan kasuwa ne, yana da mangaza, wato ɗakin ajiyar hatsi, yana kai kaya Najeriya, mutum ne mai kishin sunan gida. Ya zo ya ce wannan abin kunya ne, mutane na neman na alwala, yayansa na shayar da ciyawa. Kawu Babba ya nuna masa cewa wankansa ya mayar sau ɗaya a kwana biyu, kuma tsohon ruwan akwatin akuya ke sha. Kawu Ƙarami ya ce ba akuya ake magana ba, mutunci ake magana. Suka rabu ba daɗi, amma da salla sun ci tuwo a akushi ɗaya.

Sai maganar yarinyar. Jikar Kawu Ƙarami ce, ɗiyar ɗansa na fari, shekararta huɗu. Ita kaɗai ce cikin yaran dangi ba ta tsoron ɗakin. Idan uwarta ta zo gaida Kawu Babba, yarinyar takan manna hanci a gilashi har numfashinta ya yi masa hazo. Shi da ba ya barin kowa ya taɓa ruwan, yakan ɗaga ta ta shafi furen da yatsa ɗaya.

Cikin wata damina masassara ta kama ta. Ubanta yana kan hanya da kaya, ya ƙetare iyaka. Ina bakin aiki aka kawo ta da safe, Kawu Ƙarami na riƙe da ita a kafaɗa, uwar na biye. Tafin hannunta ya yi fari, jikinta na fizga. Na tambayi tun yaushe. Kawu Ƙarami ya ce jiya ta fara. Na dubi uwar, ta sunkuyar da kai. Majo, babban ma'aikacin jinyarmu, ya yi abin da zai iya, aka nemi jini, amma kafin azahar ta cika. Da nake taya uwar naɗe ta a zane, ta faɗa mini a hankali cewa yau kwana huɗu. Tun ranar farko ta nemi a kawo ta. Surukinta ya ce a fara da jiƙo da hayaƙi, zafin haƙori ne, kuma ba a fita da yarinya likita uban ba ya nan. Ta roƙe ni kada in gaya wa mijinta. Ta ce a gidan za ta ci gaba da zama.

Ban san wa ya fara haɗa mutuwar da akwatin ba. Kafin sadakar uku dai magana ta kasu biyu. Masu ilimin zamani na cewa sauron ruwan da aka ajiye a ɗaki ne ya cije ta, sauran na cewa abin da ke cikin ruwan ne ya kira ta, ai an sha ganin tana magana da shi. Uban ya dawo ya tarar da kabari da wannan labari.

Washegarin sadakar uku na kai wa Kawu Babba kunu. Ina zuba masa sai Kawu Ƙarami ya shigo ba sallama. Ya tsaya bakin turmi, ya ɗauki taɓarya. Kawu Babba ya tashi ya tsaya a ƙofar ɗakin.

"Yaya, kauce."

"Mi za ka yi da taɓarya?"

"Abin da ya kamata in yi tun shekarar da ka kawo shi. Ruwanka ya kashe mini jika. In ba sauronshi ba, to abin da ke ciki."

Kawu Babba ya daɗe yana dubansa. Ni na zata zai rantse, ko ya ɗauko farin kwanon nan ya nuna masa. Sai kawai ya matsa gefe. Sau biyu Kawu Ƙarami ya daki gilashin. Ruwa ya kwararo ta bakin ƙofa har tsakar gida, da laka, da ganye, kifaye na tsalle a ƙasa. Wani ɓallen gilashi ya tsaga masa ƙafa ta saman takalmi. Abin da Kawu Babba ya fara cewa shi ne in ɗaure wa ƙanensa ƙafa. Kawu Ƙarami ya ture hannuna, ya jefar da taɓaryar ya fita, jini na bin sawunsa har zaure.

Ni da Kawu Babba muka tsugunna muna tsintar kifaye a kwano. Uku kawai suka rayu. Ya tono gindin badon ya tara a gaban rigarsa. A nan ne na kasa riƙe bakina, na gaya masa duk abin da uwar yarinyar ta faɗa mini. Na ce da yamma za a taru a gidan Inna, zan faɗi gaskiya gaban kowa, ni ce na karɓi yarinyar, babu mai ƙaryata ni.

Bai ɗago kai ba. Ya ce ai ya san ƙanensa, tun da ya ga idonsa ya gane ba gilashi yake duka ba.

"Ɗiyata, in kika hwaɗi, yaron nan ya rasa ɗiya, ya rasa uba a mako guda. Matarshi kuma ta zama wadda ta tona suruki. Ni ɗan'uwa kaɗai zan rasa, kuma na tsufa. Bar shi ya aza mini."

Na ce wannan zalunci ne. Ya ce ya sani. Na tambaye shi har yaushe zan yi shiru. Ya ce bai sa rana ba. Ya sa na yi masa alkawari, hannunsa duk laka. Da yamma aka taru, aka yi ta magana, Inna ta dube ni ta ce ke da kike likita mi kika gani. Na ce kwananta ne ya ƙare.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da an shirya. Amma bayan wata shida sai ga Kawu Babba ya sake dawowa daga Maraɗi da gilashi cikin barguna. Inna ta je ta yi kuka a gabansa, ta ce ya dubi girman Allah ya bari, dangi za su ce ko a jikinsa. Ya ce mata in ya bari, ya amsa ke nan cewa ruwansa ne ya kashe yarinyar. Zargi zai ɗauka, amma ba zai sa hannu a kansa ba. Inna ba ta gane abin da yake nufi ba, ta fito tana cewa yayanta ya fi son ciyawa da ƴan'uwansa.

Daga nan aka hana yara shiga gidan. Da uwar yarinyar ta sake haihuwa, ba a kai masa goron suna ba. Kawu Ƙarami ya sauya masallaci. Abin da ya fi yi wa Kawu Babba ciwo kuwa uban yarinyar ne, domin Kawu ne ya riƙe hannunsa ya kai shi lakkwal, makarantar boko, ranar farko. Yanzu idan suka haɗu a kasuwa sai uban yarinyar ya kau da kai ya wuce. Kawu bai taɓa kawo mini kukan haka ba. Sau ɗaya kawai, ya dawo daga kasuwa, ya zauna bai cire hula ba, ya ce yaron nan ya rame, ko lafiya yake.

A cikin waɗannan shekaru ne tsohon direban bayan gida ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Watan farko ana zuwa dubiya, daga baya ƙafa ta ɗauke, aka bar shi a ɗaki yana kallon rufi. Kawu ya je ya roƙi iyalinsa. Da farko matar ta ƙi, saboda abin da ake faɗa. Ya yi ta komawa har ta gaji ta yarda. Kullum da hantsi a kawo shi a kujera a ajiye shi gaban akwatin. Kawu ya ba shi aiki: shi ne mai ba kifi abinci, da hannun hagu, ɗan tsunkule ɗaya na dusa. In ya zuba da yawa ya sha faɗa kamar mai lafiya. Na taɓa shiga na iske su biyu zaune, suna jiran wani toho ya buɗe, direban na buga gwiwa da hannunsa mai motsi. Shekara shida suka yi haka. Matar da ta ƙi da farko, ita ce ta riƙa aiko wa Kawu tuwon dare har ƙarshen rayuwarsa.

Ciwon ajalinsa na zuciya ne. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere, ya daina iya kwanciya sai a jingine. Ya sa aka mayar da gadonsa ɗakin akwatin, ba don kallo ba, don ya ga ko ina yin aikin daidai. Yana nuna mini da sanda wane ganye zan tsinke. Sau biyu na ce masa ya sake ni daga alkawarin nan, in kira ƙanensa a yi ta ta ƙare tun yana da rai. Ya ce in kira shi, amma ban da waccan magana. Inna ta aika. Ranar Litinin da la'asar matar direba ta hangi Kawu Ƙarami ya zo har bakin lungu, ya tsaya jikin katanga kamar mai jiran wani, ya daɗe, sannan ya juya. Ban gaya wa Kawu Babba ba, na ce in ya dawo gobe ya gan shi da kansa. Da hantsin Talata ya cika.

Rana ta huɗu da rasuwar, uban yarinyar ya samu ɗan Kawu da ya zo daga Yamai, ya ce a kawar da abin nan kafin sadakar bakwai, don mutane su samu shiga gidan da zuciya ɗaya. Ɗan Kawu baƙo ne a garin ubansa, ba ya son rigima, ya yarda. Ni na kwashe ruwan da bokiti na zuba wa zogale. Na kai kifayen gidan direba a roba. Gindin badon, da suka hayayyafa cikin shekarun nan, na binne a jiƙaƙƙen yashi cikin tulu, yadda na ga yana yi. Biyu sun ruɓe a hannuna, sauran ban san ko za su tashi ba.

Ina cikin kwasar ruwan ne na ji wata dattijuwa tana ba matar ɗan Kawu labarin yarinyar, daga farko har ƙarshe, da ƙarin gishiri. Jikokin Kawu biyu suna zaune gefen uwarsu suna saurare. Babbar, mai shekara goma sha biyu, ta juyo ta dubi ɗakin kakanta da wani irin ido. Wannan labarin za su koma da shi Yamai. Na ajiye bokitin, na yafa mayafi.

Na iske Kawu Ƙarami a mangaza, shi kaɗai, zaune bisa buhun wake, ƙofa a buɗe rabi. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce ban zo da rashin kunya ba, amma ni ce na karɓi yarinyar nan a gidan likita, kuma babu sauro a ruwan Kawu, na duba da idona shekara da shekaru.

"Kina tsammanin ban san kwana nawa ta yi ba?" ya ce. "Ni na aza ta a kahwaɗa. Kullum sai na ƙidaya su."

Na ce to Kawu Babba ma ya sani. Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce tun ranar taɓarya, kafin jinin ƙafarsa ya bushe a zaure. Na gaya masa abin da yayansa ya ce, da alkawarin da ya sa na yi. Bai yi kuka ba. Ya dubi buhunan da ke gabansa, ya ce shekara tara yana gudun mutumin nan don kada ya gane, ashe ya gane. Sannan ya ce in tashi in tafi. Ban roƙe shi ya yi komai ba, Allah ne shaidata. Amma na san na karya alkawari tun kafin in kai ƙofa.

Ranar bakwai, bayan an sauke karatu an raba waina, liman ya ɗaga hannu zai rufe da fatiha, sai Kawu Ƙarami ya ce a dakata. Ina bayan ƙyauren zaure da wasu mata. Ya miƙe tsaye, abin da ba a yi a wurin. Muryarsa ba ta yi ƙarfi ba, amma babu wanda bai ji ba.

"Duk wanda ya ji na ce yayana ne sanadin jikata, ya ji yau na ce ƙarya na yi mishi. Kwana huɗu tana masassara, uwarta na roƙona, ni na hana a kai ta likita. Ya sani, ya rufa mini asiri har ya shiga ƙasa. Ku shaida."

Liman ya sauke hannunsa. Ɗan Kawu na Yamai ya kifa kai a gwiwa. Uban yarinyar yana zaune dab da mahaifinsa. Ya tashi a hankali, ya nemi takalmansa cikin tarin takalma, ya daɗe bai same su ba, duk ana kallonsa. Ya sa su ya tafi, ba a shafa fatiha da shi ba.

Yau wata biyu ke nan. Raɗar ta mutu. Tsohuwar da ta tambayi ko an zubar da ruwa, ita ce yanzu ke ba da labarin haƙurin Kawu Babba a gidajen suna. Jikokinsa sun koma Yamai da labarin gaskiya. Amma uban yarinyar ya daina zuwa mangaza. Da safe yakan tsaya daga bakin ƙofa ya gaida mahaifinsa, ba ya zama, ba ya cin abinci da shi, kuma an ce yana neman gidan haya a Maraɗi. Matarsa ta wuce ni a pampo ba ta dube ni ba. Mijinta ya tambaye ta yadda ta iya kwana da shi shekara tara da wannan magana a ciki. Kawu Ƙarami ya tsufa a wata biyun nan fiye da yadda ya tsufa a shekara taran.

Na gaya wa Inna komai, ina neman ta ce na yi daidai. Tana tsince wake a faifai, ba ta daina ba har na gama. Sannan ta ce:

"Kawunki ya riƙe abin nan shekara tara, shi da ake zagi. Ke da ba a zaga ba, kwana huɗu ya fi ƙarfinki."

Ban san ko Kawu Babba zai yafe mini ba da yana nan. Na dai san na wanke sunansa da abin da ya hana ni taɓawa.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka da zargin da ba nasa ba, wanda ya ɗauka don gidan ƙanensa ya zauna. Ka sanyaya masa makwanci, Ka yalwata shi, Ka haɗa shi da mahaifiyarsa da yarinyar nan a inuwa ɗaya. Gidan da ya tsare da bakinsa, ni kuma na buɗe da nawa, Ka mayar da shi yadda ya so ya bar shi. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da kyau.